Yadda Ake Sa wa Mota Sabon Gilashi da Mai Motar a Ciki

Ke, matso nan. In mijinki yana da tsohuwar mota, kuma yana da taurin kai irin na mazan garinmu Camajuaní, wannan takardar taki ce. Ki bi abin da zan faɗa miki ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari kafin rana ta faɗi motar za ta samu gilashin gaba da na baya, da sabuwar roba wadda ko ɗigon ruwan sama ba zai ratsa ba, shi kuma mai motar zai furta maganar da ya shekara uku yana haɗiyewa. Ban taɓa ganin dabarar nan ta ƙi ci ba. Gaskiya sau ɗaya aka gwada ta, amma ta ci.

Ni ce Hortensia ta gidan da ke kan kwanar layi, shekarata saba'in da tara. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran ilimin a bakin mutane na tsinta. Abin da zan koya miki a wurin maƙwabciyata Nereida na gani. Ni na riƙe ta a coci ranar baftismarta, shi ya sa ita da mijinta Evelio suke ce mini Madrina.

Mataki na ɗaya: Ki samu miji mai ɗora wa gilashi laifi

Wannan ba wuya. Evelio shekararsa talatin da biyu yana jigilar fasinja tsakanin Camajuaní da Santa Clara a motar da ya gada wurin babansa, ƙirar 1953. Injinta na wata mota ne, birkinta na wata, fitilunta ma ba uwarsu ɗaya ba, amma in ya ji ƙara a cikinta sai ya kasa cin abinci.

Shekara uku da suka wuce ya fara wasu abubuwa. Wata rana ya tsaya a bakin hanya zai ɗauki wata mata mai koren kaya, ya yi ta danna ham yana cewa, "Baiwar Allah, za ki shiga ko ba za ki shiga ba?" Fasinjoji suka yi tsit, don bishiyar ayaba ce. Mun yi dariya, ni na fi kowa, ni ce ma na kai labarin layin sayen burodi. Amma ranar da ya taka birki saura taƙi ɗaya ya hau keken doki cike da 'yan makaranta, Nereida na zaune a gefensa, dariya ta ƙare. Ta shigo kicin ɗina ta zauna, na ba ta ruwa.

Likitar ido ta ce yanar ido ce ta rufe masa su duka biyu, aikin ɗan lokaci ne, a kwashe ta ya koma gida. Aka ba shi rana, ya ce taya ta yi faci. Aka sake ba shi, ya ce gudawa. A takarda ta uku likita ta rubuta a ƙasa da jan biro cewa in bai zo ba wannan karon, za ta sanar da masu ba da lasin a raba shi da sitiyari.

"Idona garau yake," in ji Evelio. "Gilashin ne ya tsufa. Shekara saba'in yana shan rana. Ke ma da ke ce a wurin, da kin dusashe."

In mijinki ya taɓa yin magana mai kama da wannan, kin cika sharaɗi. Mu ci gaba.

Mataki na biyu: Ki yarda da shi

Nan yawancin mata ke ɓata aiki. Nereida ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi masa yajin magana na kwana tara har ya ƙara ƙiba. Sannan ta zo wurina.

"Madrina, ko dai in ɓoye makullin motar?"

"Motar da ake tayarwa da gindin cokali? Zauna, 'yata. Me ya ce yana damunsa?"

"Wai gilashi."

"To ki ba shi gilashi."

Ta dube ni kamar tsufa ya fara taɓa mini kai. Na jawo kujera na yi mata bayani, ba ta fita daga gidana ba sai da murmushi.

Da suka zauna cin abinci ta ce, "Tsoho, na yi tunani, kai ne da gaskiya." Evelio ya ajiye cokali ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta kira ɗansu Yoandri da ke ƙasar waje, a Tampa, ta ce ya aiko da sabuwar roba ta gaba da ta baya. Shi kuma Evelio da ƙafarsa ya tafi garin Placetas wurin wani mutum da ke lanƙwasa gilashi a murhun da ya gina a bayan gidansa. Mutumin ya ce a jira. Wata bakwai aka jira, kullum Evelio ba shi da zance sai gilashi.

A teburin wasan domino, a gaban abokinsa Obdulio, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya buga ƙirji ya ce, "Ku bari gilashina ya iso. Daga nan zan ƙirga muku gashin bakin ɗan sandan da ke mashigar Santa Clara."

Ki tabbata naki ma ya yi irin wannan cika baki a gaban jama'a. Namiji yana janye maganar da ya yi wa matarsa kafin ta gama wanke kwano, amma wadda ya yi a teburin domino sai ya mutu a kanta.

Gilasan suka iso ranar Litinin, a naɗe cikin barguna kamar tagwaye. Takardar likita ta ce Alhamis. Aka sa aiki Talata.

Mataki na uku: Cire tsohon

Kada ki yi tattalin tsohuwar roba. Ta bushe, ta tsattsage kamar dugadugaina, ba abin da za ta ƙara yi wa kowa. Ki sa wuƙa ki yanke leɓenta ko'ina. Sannan mutum ɗaya ya kwanta a kujera, ya ɗora tafin ƙafa biyu a saman gilashin ya tura a hankali, na waje su tare.

Ki bar mijin ya yi wannan. Evelio turi biyu ya yi gilashin gaba ya zame hannun Obdulio.

"Kun gani? Ƙafa biyu, an gama," in ji shi, yana haki yana jin daɗin kansa.

Ki yaba masa. Yana da kyau ya san cewa ana fita daga mota ta wannan hanyar, za ki ga amfanin sanin nan gaba.

Daga nan sai kankare bakin ƙarfen. Ki goge tsatsa da samfefa, ki shafa ɗan fenti, ki bari ya bushe, don sabuwar roba a kan tsatsa ɓarnar roba ce. A ƙarƙashin tsohuwar robar baya mun samu kyankyasai huɗu da wani ɗan kunne guda wanda Nereida ta ce ba nata ba ne, Evelio kuma ya ce tun zamanin babansa ne. Yana wurina.

Mataki na huɗu: Roba, igiya, sabulu

Roba takan zo daga Tampa a sandare, kamar 'yan uwanmu in sun zo hutu. Ki shimfiɗa ta a kan rufin kwano ta sha rana awa ɗaya, za ki ga ta saki jiki ta fara jin magana.

Tsaga biyu gare ta, ɗaya ta gilashi, ɗaya ta ƙarfen mota. Ki kwantar da gilashin a tebur a kan bargo, ki sanya masa robar kamar kina sa wa yaro safa, ki bi da babban yatsa har ta zagaye.

Sai igiya. Kada ki bari wani ya ruɗe ki da kayan aiki masu suna. Igiyar shanya ce, mai santsi, wadda ba ta kai fensir kauri ba. Tawa aka kwance, kamfaina suka kwana a kan kujera. Ki cusa igiyar a tsagar ƙarfen, ki zagaye gilashin da ita kaf, bakin biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa, kowanne ya rage kamu guda yana lilo.

Sannan ki kaɗa ruwan sabulu ki shafe robar da bakin ƙarfen. Sabulu na ce. Obdulio ya kawo shawarar a sa man alade, wai ya fi santsi.

"Compay, abokina," in ji Evelio, "mai yana kumbura roba."

"Kuma karnukan layin nan za su lashe motar har lamba," in ji Nereida.

Obdulio ya ce a jirgin ƙasa haka suke yi. Na ce shi ya sa jirgin bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Mataki na biyar: Ki sa ya zaɓi ciki da kansa

Ki buɗe kunne, nan ne zuciyar aikin. Sa gilashi da roba ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na waje yana dannawa, na ciki yana jan igiya. Kada ki kuskura ki ce masa ya shiga. Cewa za ki yi ke za ki shiga.

"Tsoho, ni zan ja igiyar, kai ka tsaya waje ka sha iska."

"Ke? Kin san abin da ake kira kusurwa kuwa? Jan igiya aikin gwani ne. Dannawa kuwa ko Obdulio zai iya."

"Na gode, compay," in ji Obdulio.

To, kin san motocinmu. Hannun buɗe ƙofa na ciki ya mutu tun ba a haifi Yoandri ba. Duk mai son sauka sai ya zura hannu ta taga ya buɗe daga waje. Mariƙin murɗa gilasan gefe kuma guda ɗaya ne tak ga tagogi huɗu, fasinja suna miƙa wa juna shi kamar gishiri a wurin cin abinci. Kafin mijin ya shiga, ki murɗe tagogin nan huɗu sama, ki bar tsagar yatsa biyu a kowacce. Ki ce don kada ƙura ta sauka a kan sabulu. Mariƙin kuma ya faɗa aljihun rigarki ba tare da wani jawabi ba.

Da ya shiga, ki rufe ƙofa. In ya tambaya, ki ce jikin mota sai ƙofofi na rufe yake daidaita, in ba haka ba gilashi zai zauna a karkace. Ni na ƙirƙiro wannan a nan take, amma Obdulio ya ce shi ma ya taɓa jin haka.

Abu biyu kada ki manta: motar ta kasance a inuwa, kuma ki ajiye masa gorar ruwa a kujera. Ba kisa muka zo yi ba.

Mataki na shida: Na baya tukuna

Ki fara da gilashin baya, hannu ya saba. Nereida da Obdulio suka ɗaga shi suka zaunar da ƙasansa a bakin ƙarfe, bakin igiyar biyu suna ciki. Evelio ya durƙusa a kujerar baya ya naɗe igiya a hannu.

Jan ba na ƙarfi ba ne. A hankali ake yi, ana jawo igiyar zuwa tsakiyar gilashi, tana fita daga tsaga tana ɗago leɓen robar tana ɗora shi a kan ƙarfe. Taƙi ɗaya dama, taƙi ɗaya hagu. Na waje ya bi inda igiyar take da tafin hannu a buɗe. Ban da dunƙule, ban da duka.

"Danna, Nere! Ba fuskar jariri kike shafawa ba!"

"Ina dannawa. Kai ne kake ja kamar mai tatsar akuya."

"Obdulio, hannunka ne wannan ko soso?"

Ni aikina zuba ruwan sabulu a kusurwa da faɗa wa kowa kuskurensa. Kowane aiki yana buƙatar mutum irin wannan. Da igiyar ta fita gaba ɗaya a sama, gilashin ya zauna daram, Evelio ya leƙo ta ƙaton ramin da ke gaba yana cewa da ya san haka abin yake da sauƙi da tuni ya buɗe shago.

Ki ƙyale shi ya ji daɗi. Ramin nan shi ne ƙofarsa ta ƙarshe, bai sani ba.

Mataki na bakwai: Na gaba

Yadda aka yi na baya haka za a yi na gaba, sai dai ya fi girma, ya fi nauyi, kuma ba wanda ke yin wasa. Evelio ya dawo kujerar direba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Nereida ta kwanta rabin jiki a kan boneti. Shekara talatin ta yi tana murza taba a masana'anta, tafin hannunta ya san yadda ake danna abu ba tare da an karya shi ba.

Ƙasan gilashin ya shiga. Gefe biyu suka shiga. A kusurwar sama ta dama igiyar ta cije, Evelio ya ɗan jujjuya ta, sai muka ji ƙas! Kowa ya daskare. Evelio ya ambaci Budurwa Maryamu da wasu waliyyai biyu da ban san yana hulɗa da su ba.

"Gwiwata ce," in ji Obdulio.

Aka ƙara sabulu, kusurwa ta miƙa wuya, igiya ta zame ta faɗo a cinyar Evelio. An gama.

Yanzu ki wanke gilashin nan wankin da ba a taɓa yi wa wani abu a gidanki ba. Nereida ta bi shi da ruwa, ta bi shi da tsohuwar jarida, ta miƙa wa Evelio tsumma ta tsagar taga ya goge ciki. Ya yi tas har ba ka cewa akwai shi. Obdulio ya miƙa hannu zai ba Evelio taba ta gaba kamar yadda ya yi ɗazu, yatsunsa suka daki gilashi.

Evelio ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya dubi layi. Ya daɗe yana dubawa.

"Nere, goge shi."

"Na goge."

"Sake gogewa. Akwai sauran sabulu."

Ta sake gogewa. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ja baya, ya murza ido.

"Mutumin Placetas ya cuce ni," in ji shi, amma muryar ba ta teburin domino ba ce. Sannan ya fara laluben mariƙin taga.

Mataki na takwas: Kada ki buɗe

"Ina mariƙin nan?"

"Yana wurina," in ji Nereida.

"To buɗe mini ƙofa."

"Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Ka ce za ka je, in buɗe."

Abin da Evelio ya faɗa daga nan ba zan rubuta ba, don jikokina sun iya karatu. Ya jijjiga ƙofa huɗu. Ya zura yatsa biyu ta tsagar taga yana kaɗa su kamar ƙaguwa a kwando. Ya ce shi ne mai gidan nan, Nereida ta ce ba wanda ya musa, motar ce dai a rufe.

"Compay! Obdulio! Buɗe mini ƙofar nan!"

Obdulio ya dubi ƙofa, ya dubi damatsan Nereida, sai ya tuna ya bar wake a kan wuta. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa dafa ruwan zafi ba.

Sai Evelio ya kwanta a kujera ya ɗaga ƙafa biyu ya ɗora a saman sabon gilashi. A nan kada ki motsa. Nereida ta harɗe hannu a ƙirji.

"Tura, tsoho. Ƙafa biyu, an gama. Wata bakwai ne kawai a yi wani."

Ƙafafun suka tsaya a sama. Na ƙirga har goma sha biyu. Suka sauko a hankali, ya ciro tsumma ya goge sawun da suka bari.

Mataki na tara: Ki tafi dafa gahawa, ki bar tsohuwa tana gadi

Wannan matakin ba ya cikin shirinmu, amma tunda ya yi aiki na sa shi.

Nereida ta shiga gida, don ba ta so ya ga fuskarta, ko da yake da ta tsaya ma ba gani zai yi ba. Ni na zo na tsaya a gaban mota ta ɓangaren direba. Ki sani Nereida ta yi biyuna a faɗi, na girme ta da shekara ashirin da ɗaya, kuma haƙorana uku ne.

Evelio ya sassauta murya. "Nere. Nere, raina. Matso."

Na matsa. Ba sunana aka kira ba, amma ba a ce in tafi ba.

"Haba, 'yar gidana. Ni da ke? Kin manta shekarar da na ɗauke ki a motar nan lokacin bikin gari, muka ce wa babarki taya ce ta yi faci a hanyar Vueltas?"

Shekara talatin da shida ina kare yarinyar nan a kan maganar tayar nan. Har faɗa na yi da babarta, na rantse mata cewa na ga facin da idona. Na gyaɗa kai.

"Har yau in kin tsaya haka, kamar ranar nake ganinki. Ba abin da ya canza a jikinki. Dubi ƙugun nan."

"Evelio."

Muryar daga can bakin ƙofar gida ta fito. Nereida na tsaye da faranti da kofuna uku.

"Ina nan, Evelio. Da Madrina kake magana."

"Ci gaba, ɗana," na ce. "Rabon da a yabi ƙuguna tun mijina na biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Evelio ya dubi inda nake, ya dubi inda muryar ta fito, ya sake dubana ta cikin gilashin da ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba. Sai ya ɗora goshi a kan sitiyari.

Mataki na goma: Ki kori kowa

"Madrina, don Allah ki ba mu wuri," in ji Nereida.

Na ba su wuri. Na kai har bayan mota, sai silifas ɗina ya tsinke, dole na tsuguna gyara.

Nereida ta ajiye farantin a kan boneti, ta kawo bakinta dab da tsagar taga.

"Kin tuna babana," in ji Evelio. "Da ƙafarsa ya shiga aka taɓa masa ido, ya fito bai ƙara ganin komai ba. Shekara shida ina jansa zuwa bayan gida. Ni yanzu ko ba komai ina ganin inuwarki, Nere. In suka ɗauke mini wannan ma fa?"

"Na babanka shekara arba'in ke nan, kuma ba irin ciwonku ɗaya ba, likita ta faɗa maka. In ma sun ɗauke, ni zan ja ka, kuma ba zan yi maka gori ba sai ranar Lahadi." Ta numfasa. "Amma ba zan tsaya a gaban uwar wani yaro in ce mata gilashi ne ba. Wannan kam ba zan iya ba, tsoho."

Ya sha ruwan gorar nan, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ƙarfe nawa kika ce?"

"Takwas."

"Wa zai tuƙa?"

"Ba kai ba."

"Obdulio ba zai taɓa mini sitiyari ba."

"Bas za mu hau."

"Bas! Ni Evelio, a bas, direbobi su gan ni?"

"Su za su gan ka. Kai ba za ka gan su ba."

Ya yi wani sauti, ban san dariya ba ce ko kishiyarta. Nereida ta kama hannun ƙofa ta buɗe. Ya fito rigarsa sharkaf, ya shanye gahawar da ta huce, ya shanye tawa ma. Ya ɗauko tiyo ya miƙa mata, ya koma ciki da kansa, ƙofa a buɗe wannan karon, yana shafa bakin roba da yatsa yayin da take feshin ruwa. Ko ɗigo bai shiga ba, gaba da baya. Ke ma kada ki tsallake gwajin ruwan nan, ko da kuwa kuka kike yi.

Gargaɗi

To, na cika alkawari. Amma ki sani ni Hortensia ba ruwana da abin da zai biyo baya. In gilashinki ya tsage, hannunki ne. In mijinki ya fi son 'yancinsa a kan gilashinsa ya tura ƙafa, ke kika zaɓe shi, ba ni ba. In kuma aikin ya ci, to ki shirya, don namiji mai gani wata fitina ce daban.

An yi wa Evelio aikin idon dama ranar Alhamis, na hagu bayan wata guda. Ranar da aka cire masa bandejin farko ya daɗe yana kallon Nereida, sannan ya ce, "Yaushe kika yi furfura?" Ta ce, "A gabanka aka yi." Ya ce ta yi mata kyau. Wannan ɓangaren ba laifi.

Amma da ya iso gida ya ga motarsa, sai da maƙwabta suka fito. Ashe fentin da aka yi mata shekara biyu da suka wuce, wanda duk garin muka haɗa baki muka ce masa ja ne, ruwan hoda ne irin na kayan jarirai, don shi kaɗai aka samu a lokacin. Ya gano Obdulio ya daɗe yana ajiye shida a kan biyar a domino yana cewa ta dace. Yanzu daga bakin titi yake hango ƙura a kan kabad.

Mafi muni, ya ga ɗan katakon nan na shingen tsakaninmu da ke zamewa gefe daidai tsayin idona. Ya zo da guduma da ƙusa huɗu, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Madrina, iska na shigo miki ta nan," ya buge shi.

Ni da na yi aikin alheri, yanzu sai na hau bokiti. In kika ji na faɗo, ki gaya wa Nereida laifin likitar ne.